Yadda Za Ki Zama Gwanar Sauraron Jaz Ki Ƙwato Batirin Fanka

Wannan darasi na matan da Allah ya jarrabi mazajensu da son tsohon kiɗan jaz ne, wato kiɗan baƙaƙen Amurka na zamanin kakanninmu, wanda mutum biyar ke taruwa kowa ya busa abin da ya ga dama, a ƙarshe a tafa musu. Idan kika bi matakan nan bi da bi, ba tsallake, na ba ki tabbaci cikin kwana goma sha biyu za ki jefa magana ɗaya a kan kiɗan, maza uku masu gemu su yi tsit. Ba sai kin iya Turanci ba. Ba sai kin taɓa wuce Tambuwal ba. Ba ma sai kina son kiɗan ba. Son sa ma cikas ne, za mu zo wurin.

Hanyar ba shaci-faɗi ba ce, an gwada ta a Bodinga, a gidan Zulaihatu, uwar ɗiya ɗaya. Mijinta Maniru malamin gona ne, mutumin kirki, ko goro bai dame shi ba. Da aka haifi Nana Hauwa ya sayo farantin sola ɗaya da batir ɗaya da 'yar fanka, ya ce na yarinya ne. Wata takwas ana zaune lafiya. Sai kawunsa da ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas ya rasu. 'Ya'yansa suka raba gona da awaki, aka bar kwali biyu na faifan jaz da injin juya su ba mai so, aka ce a ba Maniru tunda shi ya yi boko.

Injin nan da wuta yake aiki. Wutar gari kuwa rabon unguwar da ita tun kafin azumi. Batirin ba ya ɗaukar abu biyu. Saboda haka kullum daga azahar zuwa la'asar, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi, batir yana zaure yana juya faifai, fanka tana ɗaki ta sunkuyar da kai. Tsakiyar bazara ce. Ƙurajen zafi suka feso wa Nana daga wuya har gadon baya, barcin rana ya gagare ta, kuka ya disashe mata murya. Uwar tana fifita da mafici har kafaɗa ta riƙe.

Idan labarin ya yi kama da naki, gyara zama.

Mataki na ɗaya: Ki daina roƙo, ki daina tambaya

Zulaihatu ta ɓata mako biyu a nan, ke kada ki ɓata. Ran farko ta kai fura zaure, ta tsaya ta saurara da zuciya ɗaya, ta ce, "Baban Nana, yaushe za su fara waƙar?"

Maniru ya ce, "Ai an yi rabi."

"To mi ya sa kowa ke busa nashi daban? Faɗa sunka yi?"

Lawali ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Lawali ɗan kawunta ne, taubashinta, kuma aminin Maniru. Ya taɓa yin wata tara yana tuƙa motar wani otal a Abuja, inda ya ji irin kiɗan ta ƙofar gilashi yana jiran baƙi. Tun daga nan ya zama shehin jaz na Bodinga da kewaye. Na ukunsu Faruk ne, ƙanen Maniru, tela, wanda ba ya faɗin ra'ayi sai ya ga inda Lawali ya karkata.

Da tambaya ta ƙi, ta koma roƙo. "Baban Nana, ɗiyar ga na cikin zahi. Duba wuyanta."

"Faifai ɗaya tak, Maman Nana, yanzu in kawo miki."

Abin da bai faɗa mata ba, faifai fuska biyu gare shi. Kuma Lawali ya yanke hukunci cewa katse faifai a tsakiya cin mutuncin mamata ne, tunda duk masu busar sun riga mu gidan gaskiya.

Ki riƙe wannan: mijinki ba mugu ba ne. Yana son ɗiyarsa. Amma a gaban abokinsa ya fi tsoron a ce bai waye ba a kan a ce bai kyauta ba. Ta wannan ƙofar za ki shiga.

Mataki na biyu: Ki gyara fuska

Gwanin jaz ba a kunne ake gane shi ba, a fuska ne.

Ki rufe ido, amma ba rufewar mai gyangyaɗi ba. Irin ta mai ciwon haƙori da ke ƙoƙarin tuno lambar waya. Ki haɗe gira. Ki riƙa kaɗa kai a hankali, kuma ki kula ƙwarai kada kanki ya dace da ganga. Wanda kansa ya dace da ganga ɗan biki ne, ba masani ba.

Sannan ki koyi cewa "hmm" daga can ƙasan ƙirji. Sirrin shi ne ki faɗe ta a daidai wurin da babu abin da ya faru. Idan wani ya buɗe ido ya dube ki, ki ce, "Ba ka ji ba?" Tun da aka fara sauraron kiɗan nan a duniya ba a taɓa samun wanda ya amsa da "ban ji ba".

Zulaihatu ta yi kwana biyu tana gwaji a gaban murfin kwanon sha, hannu ɗaya na fifita Nana. Maƙwabciyarta ta leƙo aron rariya, ta gan ta, ta koma ta aiko mata da maganin ciwon kai. Wannan alama ce kin kama hanya.

Mataki na uku: Ki san mutanen, ko da a hoto ne

Da safe, idan maigida ya fita duba gonakin Danchadi, ki je sharar zaure ki buɗe kwalin. Kowane faifai yana da riga ta kwali mai hoto. Sunayen da Turanci ne, kada su dame ki, Lawali ma bai taɓa karanta su da ƙarfi ba. Shi ya raɗa musu nasa: akwai Mai Kumatu, da ke busa ƙaramin kakaki, akwai Dogon Kwat, mai ƙahon ƙarfe lanƙwasasshe kamar wuyan raƙumi, akwai wata mawaƙiya da suke kira Hajiya, akwai Tsoho, da ke rungume da wani ƙaton goge mai tsayin mutum.

Ga ƙa'ida: kada ki taɓa yabon wanda hotonsa ya fi girma. Wannan kowa ma ya gan shi. Ki duba can baya, a gefe, za ki ga wani da gefen kwali ya yanke masa rabin fuska. Shi ne naki. Ki ce shi ya riƙe su duka. Ki ce ya mutu ba a san darajarsa ba. Ki ƙara da "Allah sarki", ki girgiza kai kamar kin je masa ta'aziyya.

Kada ki ji tsoron a kama ki. Daga Bodinga har Shagari babu wanda zai hau mota ya je binciko rayuwar mai rabin fuska.

Mataki na huɗu: Ki haddace jimla uku, kada ki ƙara ta huɗu

Ta ɗaya: "Na farkonsa ya fi." Kowane faifai aka sa, na farkonsa ya fi.

Ta biyu: "Ba abin da ya busa ba, abin da ya bari bai busa ba."

Ta uku: "Wannan ba na kowa ba ne."

Rana ta biyar Zulaihatu ta shiga zaure da ƙwaryar fura, Nana a goye tana ƙananan koke-koke. Ta ajiye, ta juya za ta fita, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta rufe ido. Ta haɗe gira. Ta ce, "Hmm."

Lawali ya ce, "Ke baiwata, koma madafa. Wanga ya fi ƙarfin kanki. Mai Kumatu na hwa!"

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ubangidana, ai Mai Kumatu na 'yan koyo na. Ni ba shi na tsaya ji ba. Wancan na baya, mai rabin huska. Allah sarki."

"Wane?"

"Ba ka ji ba?"

Lawali ya gyara hula. "Na ji mana. Ni da nika jin shi tun Abuja."

"To ka san ba abin da ya buga ba, abin da ya bari bai buga ba."

Faruk ya ajiye ludayi. Maniru ya dubi matarsa kamar ranar aka kawo ta. Shi kuwa Lawali ya ɗauki rigar faifan ya ƙura wa gefenta ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Wanga bawan Allah an zalunce shi."

Zulaihatu ta ce, "Na farkonsa ma ya fi," ta fita.

A wannan ranar kada ki ambaci batir. Ko da ɗiya na kuka a bayanki, ko da gumi na bin ƙafarki, ki cije. Wanda ya ji ƙamshin buƙata a bakinki ba zai ƙara yarda da "hmm" ɗinki ba.

Mataki na biyar: Ki tsare kunnenki

Nan ne haɗarin da na ce za mu zo.

Rana ta bakwai Zulaihatu na zaune a inuwar katanga, Nana kwance a cinyarta ta shafe ta da hoda, kiɗa na tsallako mata daga zaure. Faifai ne mai koriyar riga. Ƙaton gogen Tsoho ne ya fara shi kaɗai, dum, dum, dum, kamar takun mace mai ɗauke da cikakken tulu. Sai mai fiyano ya shigo, bai taka inda Tsoho ya taka ba, ya riƙa sa ƙafa a tsakanin sawunsa. Sai ganga. Sai Dogon Kwat ya jefa wata busa can sama, ya bar ta, kowa ya ci gaba da nasa, har ta ɗauka ta ɓace, sai ga ta ta faɗo daidai wurinta.

Ta san wannan. Lugude ne. Mata uku a turmi ɗaya, taɓare uku ba mai karo da wata, ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ba a rasa bugu ko ɗaya ba. Haka suke yi da yayyenta a gidansu kafin aure ya watsa su, ɗaya Gusau, ɗaya Argungu. Mutanen nan ashe ba faɗa suke ba. Jiran juna suke.

Ba ta san maficin ya tsaya a hannunta ba sai da Nana ta tsala ihu.

Idan haka ta same ki, ki share ido ki ci gaba da fifita. Kuma kada ki kuskura ki kai wannan magana zaure. Ita kaɗai ce gaskiya a duk abin da kika sani game da jaz, don haka ita kaɗai ce za a yi miki dariya a kanta. Lawali zai ce kin haɗa manyan Amurka da turmi.

Mataki na shida: Ki fi su tsanani

Masani ba a kayar da shi da musu. Idan ya ce abin na da daraja, kada ki ce babu. Ki ce darajar ta fi yadda yake tsammani, kuma shi ne ke wulaƙanta ta.

Rana ta tara ta kawo fura, ta yi "hmm" ɗinta, sannan ta yi ajiyar zuciya. "Wallahi tausai kuka ba ni."

Maniru ya ce, "Tausan mi?"

"Faruk, tsakaninka da Allah, furar da anka niƙa geronta ga inji da wadda anka daka ga turmi, ɗaya ta?"

Faruk ya manta bai dubi Lawali ba. "Haba, matar yaya! Ko kusa. Ta inji ƙauri gare ta, ƙarfe ya ƙone ta."

"Kai fa, ubangidana?"

Lawali ya ce, "Ni ko a makance anka ba ni ta inji sai na gane."

"To kiɗan inji kuka sha tun da wata ya kama. Wuta na ƙona sauti yadda taka ƙona gero. Mutanen ga da hannu sunka buga, da baki sunka busa, ku kuma kun jona su ga batir kamar fitila. Wanda ya san abin, da garmaho shika ji, mai wanawa da hannu. Amma dai," ta ɗauki murfin ƙwarya, "wannan ba na kowa ba na."

Ki lura da kyau. Babu namiji a ƙasar Sakkwato da zai tashi ya kare furar inji a bainar jama'a. Da zarar sun amsa ta farko, ta biyu ta shige da kanta.

Faifai na ta juyawa, kowa na jin ƙauri-ƙauri a cikinsa. Can Lawali ya yi gyaran murya. "Gaskiya a Abuja manyan baƙi, na can bene na sama, da garmaho suka ji. Don dai babu shi a nan ne ban ɗaga maganar ba."

Zulaihatu ta ce, "Goggo Mairo na da shi a Shagari."

Mataki na bakwai: Ki je da kanki, ki je da ɗiyar

Kada ki bari ya tafi shi kaɗai. Ran Juma'a da sanyin safiya suka hau babur, Nana a goye, suka nufi Shagari wurin Goggo Mairo, yayar mahaifin Zulaihatu. Tsohuwa ce da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba.

Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya, Maniru ya sunkuyar da kai ya kawo zancen garmahon marigayi mijinta, wanda ya sayo a Ikko, wato Legas, zamanin da yake kai shanu.

Goggo ta ce, "Wanga akwati? Irin albasata na ciki. Shekara ashirin ɓera bai taɓa shiga ba. Mi za ka yi da shi?"

"Kiɗa za mu ji, Goggo."

"Kiɗa. Da gemunka." Ta miƙa hannu ta karɓi Nana, ta ɗaga mata haɓa, ta ga wuyan. "La'ilaha illallahu! Kai Maniru, wagga ɗiya ga tanda kuka gasa ta? Ina fankar da anka ce ka saya, har anka zo nan ana yi min baki da ita?"

Maniru ya ce, "Tana nan, Goggo."

"Tana nan tana mi? Kallo?"

A nan ki yi shiru. Ki dubi ƙasa, ki gyara mayafi. Goggo ba ta buƙatar taimako.

Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin a kawo mata bokiti mai murfi ta juye irinta. Aka kakkaɓe akwatin, ga hannun wanawa, ga ɗan gwangwani cike da allurai duk sun yi tsatsa. Maniru ya tambayi faifansa. Goggo ta ce, "Sun ƙare. Masu kauri na, nauyi kamar marfin tukunya. Na ƙarshe da shi nika rufe randa har akuya tat taka shi. Naku irin su na?"

"Faifai ai faifai na, Goggo."

Ta ce, "To," irin "to" ɗin da tsofaffi ke yi idan sun gaji da mutum.

Mataki na takwas: Ran gwaji, ki ɗauki abin da kika zo ɗauka

Asabar bayan azahar aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Lawali ya zo da babbar riga. Aka ɗora garmaho a kan kujera 'yar tsugune, aka ture injin Kawu gefe. Zulaihatu ta ce, "Bari in kawar muku da wanga batir, kada warin wuta shi shiga sauti." Lawali da kansa ya ce ta yi nisa da shi.

Ta kai shi ɗaki, ta jona. Fanka ta ɗaga kai ta fara juyi. Ta kwantar da Nana a tabarma daga ita sai ɗan kamfai, ta zauna gefe, ta kasa kunne.

Abin da babu wanda ya sani a gidan, har ita: garmaho na gudu fiye da ninki biyu na injin Kawu, don an yi shi ne domin wancan faifai mai kauri na Goggo. Kuma hannunsa nauyi gare shi, allurarsa ƙarfe ce.

Lawali ya zaɓi allurar da ta fi tsatsa, ya ce ita ce ta asali. Ya wana, ya wana, ya saki. Faifan da suka ɗora mai koriyar riga ne.

Takun mai tulu ya koma gudun wanda kare ya biyo. Fiyano ya zube kamar an kifar da tiren cokula. Dogon Kwat ya yi ƙara irin ta zabuwar da aka kama a ƙafa. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani sauti, ƙiiii, kamar ana jan kwano a kan siminti. Zulaihatu ta dafe baki. Cikin duk kwali biyun nan, shi suka ɗauka.

Ta leƙa ta labule. Maza uku, ido a rufe, gira a haɗe, kai na kaɗawa. Bayan minti uku igiyar ƙarfen cikin akwatin ta saki, zabuwa ta rikiɗe ta koma sa mai nishi, Lawali ya zabura ya ci gaba da wanawa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ya ce yana haki, "Kun ji? Haka sunka buga shi tun asali. Wuta ta ke rage mai gudu."

Faruk ya buɗe ido ɗaya. "Yaya Lawali, wanga baƙin zare da ke fita daga faifan hwa?"

"Dattin wuta na. Shina fita."

Faruk ya ce, "Hmm," ya mayar da idon.

Mataki na tara: Idan ya shigo, kada ki yi ƙarya

Zai shigo. Mijinki ya fi abokinsa hankali, shi ya sa kika aure shi.

Fuska ɗaya ta ƙare, sai ga Maniru ya ɗaga labule, faifan a hannunsa. Inda yake baƙi mai sheƙi ya koma fari-fari kamar an goge shi da toka. Ya miƙa mata, muryarsa ƙasa don kada zaure ya ji.

"Zulaihatu, duba. Allurar ga ta cinye shi. Na Kawu na."

Ta karɓa. Ta shafa da yatsa, baƙin gari ya biyo. "Wallahi, Baban Nana, ban san tana ci ba. Da na sani, da ba wanga ba."

"Amma sauran kin sani. Wuta na ƙona sauti."

Ta goge baƙin garin a zanenta.

Ya ce, "Ba ni bari a ƙara ɗora ko ɗaya. Injin Kawu za mu koma." Ya durƙusa gaban batir, ya kai hannu ga wayar fanka.

Nana na kwance dab da gwiwarsa. Ta baje hannuwa biyu sama kamar wadda ta sallama, baki a buɗe, iska na ɗaga 'yan gashin goshinta tana mayarwa. Hoda ta bushe a wuyanta, ƙurajen sun fito ja a ƙarƙashi, layi-layi, har inda ta sosa da farce.

Hannunsa na kan wayar ya ce, "Tun yaushe ta kwanta?"

"Tun da kunka fara."

"Da wagga ƙara duka?"

"Ba ƙara ke hana ta ba."

Ya ce, "Da rana tana barci haka?"

"Rabonta da shi tun ran da kwalin Kawu yas shigo gidan ga."

Daga zaure Lawali ya ɗaga murya, "Maniru! Kawo mu juya mai ɗaya huskar, hannuna ya saba!"

Maniru ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɗauke hannunsa daga wayar, ya ɗan karkata fankar ta fi fuskantar bayan yarinyar, ya miƙe ya fita. Faifan ma a hannunta ya bar shi.

Ta matsa jikin labule. Ta ji ya zauna, ya yi gyaran murya, ya yi wani dogon "hmm" da bai taɓa yin irinsa ba.

"Lawali, na yi tunani. Mu duka mun yi kuskure. Wanda ya san jaz ba ya jin shi da bazara."

"Kamar yaya?"

"Zahi na lanƙwasa faifai. Sauti shi fito a karkace, garmaho ko inji. Sai ruwa ya sauka, ƙasa ta yi sanyi. Kahin nan kwali za a rufe, a sa ƙarƙashin gado. Amma wannan ba na kowa ba na."

Sai muryar Lawali, yana murza kafaɗa: "Ka riga ni a baki. Tun jiya nika jin wata 'yar karkata."

Faruk ya ce, "To fura hwa? Ita ma sai damina?"

Ba ruwan mai wannan darasi

Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Ba ruwana idan naki mijin ya cire wayar. Ba ruwana idan taki goggon ta hana akwatin, ko kika tarar ɓera ya riga ki. Ba ni biyan faifan kawun kowa, kuma ba ni da maganin abin da za ki ji a ƙirji idan wanda aka cinye shi ne kaɗai kika taɓa so. Wannan ki haɗiye shi, kamar yadda Zulaihatu ta haɗiye nata ta tura rigarsa ƙasan akwatin kayanta.

Ba ruwana da Basira matar Lawali, wadda mijinta ya ɗauke garmahon ya kai gida, ya samo wasu faifai a kasuwar tsofaffin kaya, yake sa ta wanawa wai hannun mace ya fi taushin sauti. Ta aiko a tambaye ni mafita. Ta yi haƙuri, darasin batir na rubuta, ban rubuta na garmaho ba.

Kada kuma a zo a ce na yi alkawarin har abada. Na ce kwana goma sha biyu, ban ce shekara goma sha biyu ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, Maniru ya fara fita tsakar gida yana duban sama, kuma ba don gonakin Danchadi kaɗai ba. Abin da Zulaihatu za ta yi ran da ruwa ya sauka, ita ma ba ta sani ba tukuna. Idan kina da shawara ki kai mata da kanki, gidan na bayan masallacin unguwa, mai ƙofar kwano shuɗiya. Amma in tsakanin azahar da la'asar ne, kada ki buga ƙofar, kada ki ɗaga murya wurin sallama. Nana Hauwa na barci.